Sabulun Tomeo Mai Aski

Shekara arba'in da ɗaya Iwashita Tomeo yana aski a ɗan shagon nan na bayan kasuwar kifi, kuma in ka cire ranakun Litinin da duk masu aski ke hutawa, da kwana ukun sabuwar shekara, ba a taɓa zuwa an tarar da ƙofarsa a rufe ba. Ranar da aka haifi 'yarsa Rie ma sai da ya gama yi wa wani tsoho gyaran fuska, ya wanke aska, ya shanya tawul, sannan ya hau keke ya nufi asibiti. Mutum ne da bai iya barin abu rabi da rabi ba. In ya fara kai, ko girgizar ƙasa ake yi sai ya kai ƙeya. An yi hakan kuwa har sau biyu, masu kawunan suna nan da ransu, har yau ba su gaji da ba da labari ba.

Duk bazara hukumar gari takan aiko wa dattawa kati su je a duba lafiyarsu, shi kuwa Tomeo yakan ninke nasa gida huɗu ya tokare ƙafar teburin da ke rawa. Cewa yake likita ba ya duba mutum ya rasa abin faɗi. Matarsa Michiyo ta daɗe tana yi wa wannan dariya, sai da abin ya sami Hamabe Genzo ta daina.

Genzo masunci ne, abokin Tomeo tun suna aji ɗaya a firamare, mai ƙatuwar murya, ba ya shiga shago bai zagi mai shagon ba. Shekara biyu yana fama da ciwon baya, yana manna filasta yana cewa jan taru ne. Ranar da ya kasa saukowa daga jirginsa aka kwashe shi zuwa babban asibiti, aka ce ciwon daji ne. Ya faro daga ɗan ƙullutun nan mai girman goro da ke ƙarƙashin mafitsarar kowane namiji, wanda likitoci ke ce wa furostet, ya yi zamansa shiru ba zafi ba alama, har ya tsallaka ya shiga ƙashi. Lokacin tiyata ya wuce. Sai allura da ake yi masa don a danne sinadarin mazantaka, wanda shi ne abincin ciwon. Allurar ta sa shi zufa, tsakiyar sanyi sai ka ga ya tuɓe hula yana fifita.

"Abin da Harue ta gama da shi shekara ashirin da suka wuce, shi ni na fara yanzu," in ji shi, yana nufin matarsa da zufar ɗaukewar al'ada. Shagon ya kwashe da dariya, ban da Michiyo da ke share gashi. Washegari ta zaro katin daga ƙarƙashin tebur, ta goge shi da dutsen guga, ta sa mijinta gaba.

Jini kawai aka ɗiba, gwajin da ake kira PSA. Lambar ta haura huɗu, ta kusa shida, aka ce ya dawo. Aka tura shi cikin na'urar ɗaukar hoton nan mai kama da rami, ta yi ta buga masa ƙara a kunne rabin awa, hoton ya nuna wata 'yar inuwa. Saura a sa allura a tsakuro naman wurin a duba, kuma wannan sai an kwana ɗaya a asibiti. Ranar Alhamis kaɗai suke yi. Tomeo ya roƙa a mai da shi Litinin, aka ba shi haƙuri.

Nan ya yi kuskurensa na farko. Ya ɗauko farar takarda ya rubuta da manyan baƙaƙe cewa an rufe Alhamis da Juma'a, mai shago zai kwanta asibiti, ya manna a ƙofa.

"Baban Rie, ka rubuta uzurin gida mana, kowa haka yake yi," in ji Michiyo.

"Shekara arba'in da ɗaya ban yi wa mai zuwa aski ƙarya ba, yau zan fara?"

"To kai ka sani. Sai ka share wurin ajiye kaya."

Gaskiyarta. Garinmu ba ya jin mutum ya kwanta asibiti ya zo gaisuwa hannu rabbana. Kafin Lahadi gida ashirin da uku sun zo: mai inabi, mai tuffa, mai kankanar da aka ɗaura wa ƙyalle, mai tawul, mai lemon kwalba. Genzo ne ya fara zuwa, yana dogara sanda, da ƙaton jan kifi da ƙaninsa ya kamo da safen. Ya dire shi a bakin ƙofa ya ce, "Ungo, matsoraci. Kwana ɗaya rak ka tara mana gari."

Kowa kuma ya san abin da ke biyo baya. Wanda aka zo gaishe shi, in ya tashi, sai ya aika wa kowane gida da abin da ake amfani da shi ya ƙare, sabulu ko alewa, don ciwon ya wanke ya tafi tare da shi. Ana naɗe kwalin da farar takarda mai zare ja da fari, an ƙulla shi ƙullin da ba ya kwancewa, don kada abin ya maimaitu, a sama kuma a rubuta cewa an warke sarai. Wannan kwalin shi ne rufe magana. Sai ya iso ake daina tambayar mutum jiki.

Tomeo bai jira sakamako ba, kuskure na biyu ke nan. Ranar Litinin ya taka zuwa shagon kayan kyauta na Tachibana-san, wato Malama Tachibana, ya sa aka naɗe masa kwalin sabulu ashirin da uku, aka sa tsohon malamin da ke yi mata rubutun hannu ya rubuta kowace takarda da tawada. A lissafinsa abu biyu ne kawai: ko ba komai, ya raba sabulu wannan makon, ko akwai wani abu, a yanke a jefar, ya raba sabulu wata mai zuwa.

Likita Mizuguchi mace ce da ba ta kai Rie shekaru ba, abin da ya fara ba shi haushi ke nan tun kafin ta buɗe baki. Ta juyo musu da allon kwamfuta, shi da Michiyo.

"Iwashita-san, ciwon yana nan. Amma cikin wuri goma sha biyu da muka tsakuro, biyu kaɗai aka same shi, shi ma ɗan kaɗan. Kuma irin mai sanyin jiki ne, mafi rauni a cikin ire-irensa."

Tomeo ya sunkuya ya yi godiya kamar an ba shi kyauta. "To Likita, yaushe za a cire? In da hali a sa Litinin."

"Ba za a cire ba."

"Af. Gasawa za a yi da hasken nan?"

"Shi ma a'a. Sa ido za mu yi. Duk wata uku ka zo a ɗebi jini, bayan shekara mu sake hoto mu sake tsakura. In ya motsa, muna da lokacin kama shi. Maza da yawa suna tsufa da irin wannan, wani abu daban ya zo ya ɗauke su, shi yana nan inda yake."

"Wato kin ga ɓarawo a cikin gida, kin ce a bar shi ya zauna, za ki riƙa leƙo shi."

"Baban Rie!" in ji Michiyo, ta ja masa hannun riga.

Likitar ba ta ji haushi ba. "Wannan ɓarawon gurgu ne, Iwashita-san. In muka fasa bango don mu fitar da shi, kai za ka zauna a gidan." Ta faɗa masa ƙarara abin da tiyata kan bari a baya: ɗigar fitsari, wani na 'yan watanni, wani har abada, da kuma raunin da kan sami namiji wajen iyalinsa. Michiyo ta ƙura wa jakarta ido kamar yau ta fara ganinta.

"To Likita, na warke ko ban warke ba?"

"Ba za a ce ka warke ba, tunda ba a yi maka komai ba. Ba kuma za a ce kai majinyaci ne ba. Ka koma aikinka."

Ya so ya tambaye ta yadda zai yi da sabulu, amma wa ke tambayar likita irin wannan? Ya sake sunkuyawa, ya fito ransa a ɓace.

Kwalayen suka zauna a bakin ƙofar gida, inda ake cire takalma, jere uku har gwiwa. Duk safiya sai ya tsallake su zai fita, duk yamma su ne ke fara tarbarsa da farar takardarsu mai cewa an warke sarai. Michiyo ta ce a kai su ɗakin sama, ya ce in aka ɓoye su mantawa za a yi. Ta ce to ai akwai wata takardar, wadda ake rubuta godiya kawai bisa gaisuwa, ba a ambaci warkewa ba.

"Wannan ta waɗanda aka fid da rai da su ce. Kina so gari ya fara goge baƙaƙen kayan makoki?"

"To ka aika da waɗannan ɗin."

"In ce na warke alhali abin yana cikina? Ke ma dai."

"Ba ka aika wannan ba, ba ka aika waccan ba, sai mu ci sabulun da shinkafa."

Shago ma ya canja. Waɗanda da suke shigowa da ihu yanzu sai su shigo a hankali, su zauna a ɗarare, su ce, "Ya ƙarfin jiki?" da irin muryar da ake yi wa mai kwance. In ya ce lafiya lau, sai su gyaɗa kai da tausayi, don sun san kwali bai iso gidansu ba. Wani ya ce ya bar wankin kan, kada ya wahala. Wannan ya fi komai ƙona masa rai, shi da bai taɓa jin ko ciwon kai ba! Ya kai ga in ya hango matar da ta kawo kankana sai ya sauya hanya, ya bi ta bayan ma'ajiyar ƙanƙara, dattijo mai shekara sittin da takwas yana laɓe-laɓe kamar wanda ya yi sata.

Ga kuma jinin wata uku. Lambar ta sauka kaɗan, ta hau kaɗan, ta sake sauka. Likita ta ce haka take yi, ba abin damuwa. Amma makon da za a ɗebi jinin, kowa a gidan ya shiga uku. Miya ta yi gishiri, tawul bai bushe ba, rediyo ya cika surutu. Rie ta bugo waya daga Osaka ta ce ta karanta, hanyar da likitar ta bi ita ake bi yanzu a ƙasashe da yawa, ya ce ƙasashen su zo su kwashe kwalayen.

Wata rana tsohon ma'aikacin gidan waya, Kuwata, ya zo gyaran fuska, ba kowa a shagon. Shi an yi masa aikin shekara biyu da suka wuce, da na'urar nan mai hannuwa da likita ke sarrafawa daga gefe, ƙananan huji kawai a ciki. Nasa mai zafin nama ne, ba a yi shawara biyu ba. Tomeo ya kwantar da kujera, ya rufe masa fuska da tawul mai zafi, sai maganar ta fito daga ƙarƙashin tawul ɗin.

"An ce kana neman a yanka ka."

"Wa ya ce?"

"Matarka ta gaya wa tawa. Ka ga ni ban yi nadama ba, da ba a cire ba da yanzu ina layi ɗaya da Gen. Amma watannin farko ƙunzugu biyar nake canjawa a rana. Yanzu ɗaya. In zan yi atishawa sai na shirya, in jikata ta ce in ɗaga ta sai na yi tunani. Ɗaya shagon kuwa, na wajen iyali, an rufe, ba a ma manna takarda a ƙofa ba."

"Wasu ai suna komawa daidai."

"Suna komawa, da yawa ma. Amma kai da kake tsaye awa takwas a kan mutane, aka ce je ka zauna lafiya, me kake nema?"

Tomeo ya cire tawul ya fara shafa kumfa, ya fi shafawa wajen baki. Ya ji maganar sarai, amma kunnen da ya ji ta ba shi ke yanke hukunci ba.

Shekara ta zagayo, aka sake hoto, aka sake tsakura. Wannan karon ya rubuta uzurin gida a ƙofa, ya sha kunyar ƙaryar shi kaɗai. Sakamako ya fito, Likita Mizuguchi tana murmushi: komai yana nan yadda yake, bai ƙaru ba, bai canja hali ba.

"Wato an sake huda ni sau goma sha biyu don a gaya mini abin da aka gaya mini bara."

"Labari ne mai daɗi, Iwashita-san."

"A wurinki. Likita, ki gafarce ni, ni mai aski ne, ban yi karatu ba. Amma ban taɓa sallamar mutum da rabin kai ba na ce ya dawo bayan wata uku mu duba. A cire shi. Na gaji."

Ta sake jera masa hanyoyin, tiyata, da gasawa da haske daga waje, da 'yan ƙwayoyi masu haske da ake dasawa a cikin ƙullutun, kowace da abin da takan bari. Ta ce a ganinta har yanzu babu wadda yake bukata, amma zama da fargaba ma ciwo ne, kuma jikinsa ne. Ya ce tiyata, don ita ce ake ciro abu a gani da ido. Ta ba shi rana cikin Nuwamba. Ya fito yana jin iska, har ya lissafa cewa kafin sabuwar shekara bakin ƙofarsa zai zama fili.

Saura mako uku a yi aikin Harue ta bugo waya. Genzo ya daɗe bai zo shago ba. Allurar ta daina riƙe ciwon, an gwada sababbin ƙwayoyi, an gwada ƙarin ruwa mai zubar da gashi, daga baya ya ce a mai da shi gida inda zai riƙa jin ƙarar jirage. Ta ce ɗan gashin da ya tsiro ya dame shi, ko Tomeo zai zo?

Ranar Litinin da hantsi ya ɗaure jakar kayan aiki a bayan keke ya tafi. Ya tarar da ƙaton mutumin nan ya koma kamar an zare masa iska, an jingine shi da matasai yana fuskantar taga. Muryar kaɗai ta rage, ita ma rabi.

"Ka zo, mai yankan kunne? Yi a hankali, wuyan aro ne."

Tomeo ya yafa masa ƙyalle ya fara da almakashi. Sun yi hirar kifi, sun zagi sabon shugaban ƙungiyar masunta. Da ya zo ƙeya sai Genzo ya ce, "Tome, ina sabuluna?"

Almakashin ya tsaya.

"Na kawo maka kifi da hannuna, ina jan ƙafa. Shekara da wata biyu ke nan. Ko ka cinye ka manta?"

"Ban warke ba, Gen. Amma an sa rana, watan gobe za a cire. Kai za ka fara samu."

"A cire me? Aka ce naka barci yake yi."

"Barci ko ba barci ba, yana nan."

Genzo ya juyo da ƙyar, har ƙyallen ya zame. "Kai wawa ne tun muna aji ɗaya, amma ban san ka kai haka ba. Ka hau keke ka zo nan da ƙafarka. Ka ci abinci da safe ya zauna. Kana fitsari lokacin da ka ga dama. Da za a sayar mini da irin ciwonka, da jirgi da taru da gidan nan duk na bayar, har Harue in ɗora a kai."

"Ina jin ka," in ji Harue daga kicin.

"Ni aka makara da ni. Kai an kama naka yana jariri, an sa masa mai gadi, shi ne za ka je a farke ka saboda takardar kwali? Watan gobe! Ka dube ni da kyau ka sake cewa watan gobe."

Tomeo ya dube shi. Ya gyara ƙyallen, ya ƙarasa ƙeyar, ya kakkaɓe masa wuya da burushi. Da zai fita ya ce, "Zan kawo."

Da ya isa gida Michiyo ta ɗauki kwali ɗaya ta miƙa masa. "Koma yanzu, keken ma bai huce ba."

Ya karɓa, ya karanta takardar, ya mayar kan jeri. Ba zai kai wa mai mutuwa ƙarya ba, in ji shi. Zai sa a rubuta ɗaya takardar, ta godiya.

"To yage wannan ka kai masa haka nan!"

"Tsirara? Abokin shekara sittin in miƙa masa kwali tsirara kamar na tsinto a hanya?"

Ya tafi shagon Tachibana-san. Ta ce tsohon mai rubutun sai Juma'a yake zuwa, amma in yana sauri na'ura za ta buga masa yanzu, minti biyu. Ya ce sauran ashirin da biyu da hannu aka rubuta, ba Genzo ne zai sami na na'ura ba. Kwana huɗu ne kawai. Ta ce za ta kawo masa har gida.

Genzo ya rasu ranar Alhamis da safe, lokacin da jirage ke dawowa.

Da rana masu shirya gawa suka zo yi masa wanka a gida, dangi na zaune. Harue ta aiko a ce wa Tomeo mamacin bai taɓa yarda wani ban da shi ya sa masa aska a fuska ba, ba ta so a fara yau. Yana tsakiyar aski aka kawo saƙon. Ya gama kan, ya juya allon ƙofa ba tare da ya rubuta komai ba, ya shiga gida ya tsaya a kan kwalayen. Haushin kansa ya cika shi. Ya ɗauki na sama, ya ja zaren, ƙullin ya ƙi kwancewa kamar yadda aka yi shi ya ƙi, ya sa aska ya tsinke shi. Ya yage takardar, ya zaro sabulu ɗaya ya jefa a jaka.

Ya durƙusa a gefen abokinsa, ya nemi ruwan ɗumi. Sabulun wanka ne, ba na aski ba, ya kuma yi shekara a ajiye ya bushe, sai da ya daɗe yana juya burushi kafin ya yi kumfa. Ya shafa a kumatun da suka faɗa, ya bi da aska a hankali, daga kunne zuwa haɓa, ƙarƙashin hanci, inda Genzo kan ce ya yanke shi ko bai yanke shi ba. Ya goge da tawul, ya taje gashin da ya gyara ranar Litinin.

"Ga sabulunka nan, ɗan banza," ya ce ƙasa-ƙasa. "Kwana huɗu ma ka kasa jira."

Harue ta ji, ta rufe fuska da hannun riga, ba a san dariya take ko kuka ba.

Ranar Juma'a Tachibana-san ta kawo takardar kamar yadda ta yi alkawari. Rubutun ya yi kyau ƙwarai, tsohon ya zuba gwaninta. Tomeo ya karɓa da hannu biyu ya yi godiya, ya sa ta a aljihun tebur, ƙarƙashin asake.

Bayan an gama zaman makoki ya ɗaure sauran kwalayen a bayan keke, da tsohuwar takardarsu, ya bi gida gida. Matar da ta kawo kankana ta karanta, ta tafa hannu. "Kai, barka! Ashe an warke?"

Ya buɗe baki zai yi bayanin lamba da allura goma sha biyu, sai ya fasa. "Ga ni dai a kan keke," in ji shi.

Da ya dawo ya buga wa asibiti waya, ya ce a gaya wa Likita Mizuguchi ta ba wani ranar Nuwamban, wanda nasa ba ya barci. Ma'aikaciyar ta ce to, sai ya zo ɗibar jini cikin Janairu, za ta sa masa Alhamis. Ya ce Litinin. Ta ce Litinin ta cika. Ya yi tsaki ya ce ta sa Alhamis ɗin.

Har yau yana nan bayan kasuwar kifi, abin yana cikinsa, duk wata uku miya tana yin gishiri. Bakin ƙofarsa ya zama fili, amma Michiyo ta ce har yanzu in zai fita da safe sai ya ɗaga ƙafa a daidai wurin. Takardar godiyar kuwa tana aljihun tebur, kullum sai ya ɗaga ta kafin ya ɗauki aska, babu kwalin da za a naɗe da ita, babu kuma gidan da za a kai ta.